Taken Gidan Saje

Ubale na tsaye a baranda yana kallon titin Danau Kota, unguwar da yake zaune a ƙasar waje, wanda ko kare babu a kansa, kiran Hansatu ya sake shigowa.

"Yaya Ubale, nas ɗin ta yarda. Ta ce in na tura mata za ta kara masa wayar a kunne. Ka dubi Allah ka goga masa gogenka."

Mijinta Yahuza, aminin Ubale tun suna yara a ƙauyensu can ƙasar Daura, yana kwance a asibiti, korona ta kai shi ga na'ura ce ke yi masa numfashi. Ba a barin kowa ya leƙa shi. Dokar kulle ta tsare Hansatu a unguwar Wangsa Maju da 'yarta, shi kuma ta tsare shi a nan da kwalayen wayoyin da yake sayar wa ɗalibai.

"Hansatu, ki turo masa karatun Alƙur'ani mana."

"Ana sa masa kullum. Amma kai ma ka sani, in ka goga taken gidansu ko fushi yake sai ya yi dariya."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ba shi tsoro. Kakan Ubale ne mai gogen garinsu lokacin yaƙin basasa. Duk saurayin da zai tafi soja, sai ya yi masa take a tasha kafin motar ta ɗaga. Ba a sake goga wannan take sai mai shi yana tsaye a wurin. In kuwa labari ya zo cewa ba zai dawo ba, babu mai zuwa ya faɗa da baki. Mai goge ne zai tsaya a ƙofar gida da hantsi ya ja izga, mutanen gida su gane. Haka aka yi wa Saje Fatihu, kakan Yahuza, kuma taken nasa ya zama na duk namijin gidan.

Ubale ya so ya yi mata wannan bayani, to ina! Hansatu 'yar birnin Kano ce, ga ta tana kuka. Wane irin mutum ne zai ce da matar majinyaci yana tsoron al'adar ƙauye?

Ya sauko da gogen daga saman kwaba. Laimar garin nan ta sassauta fatar, sai da ya gasa ta da na'urar busar da gashi, ya shafa wa izgar ƙaro. Da ya ja, muryar ta fito a dishe kamar ta tsoho mai mura. Taken gajere ne, tafiyarsa irin ta takun soja, sai a ƙarshe ya karye ya yi ƙasa. Rana tsaka ce, amma benen ya yi tsit har sautin na dukan ginin da ke fuskantarsu yana dawowa, kai ka ce wani ne can yake amsawa. Ya naɗa a waya, ya tura, ya kife gogen a kan katifa.

Bayan la'asar Hansatu ta kira, muryarta har rawa take don murna.

"Ya motsa yatsu! Wallahi nas ta ce ya motsa yatsu! Har na tura kiɗan a zauren hirar waya na 'yan gidansu, kowa ya ji."

"Kin tura a ina?"

"A zauren gida. Lafiya?"

Ya kashe kiran, ya lalubo lambar Iya Ɗelu, mahaifiyar Yahuza. Tana 'yar ƙarama aka goga wannan take a ƙofar gidansu, don ubanta.

Tana ɗauka ya ji ƙarar jan tabarmi da sallamar mata. Babu mai ihu, kuma wannan shirun ya fi ihu firgita shi.

"Iya, ni ne Ubale. Don Allah ki saurare ni, kuskure aka yi. Yahuza na nan da ransa, yau ma ya motsa."

"Ubale ɗan albarka," ta ce a hankali. "Ƙanwarsa ta kunna mini. Hannun kakanka sak. Na gode da ba ka bar wani baƙo ya faɗa mini da baki ba."

"Iya, don ya ji daɗi na goga! A kunne aka kara masa!"

"Yana tsaye a gabanka ka goga?"

"A'a, Iya, amma..."

"To ka gani. Ranar Baba ma an sami masu cewa kuskure ne."

"Na rantse da Allah, Iya, ɗazun nan..."

Wayar ta yi ɗan kuka a kunnensa. Ya janye ta ya duba: Hansatu ce ke kira. Kiran ya yanke, ya sake shigowa nan take.

"Wa ke nemanka?" in ji Iya.

"Hansatu ce."

"Ɗauka, ɗana," ta ce. "Yarinya ce, ita kaɗai ce a ƙasar mutane. Ka lallashe ta. Mu nan mun riga mun shimfiɗa tabarmi."