Taraktar Ture Ƙanƙara a Bulpiela

Sau uku a wata guda ana tsinto Alhaji Abdul-Baki a bakin titi da sassafe, sanye da wata jibgegiyar kwat mai gashi a wuya, ga shebur a hannu. A watan Maris fa, a Tamale, lokacin da tun rana ba ta fito ba gumi ke tsatstsafo wa mutum. Ranar farko mai koko ce ta riƙo hannunsa ta kawo shi gida. Ta biyu liman ne. Ta ukun ce ta tayar da hankalin kowa, don saura ƙiris wani mai yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ya kwashe shi, sai da bawan Allah ya zura cikin kwata da fasinjojinsa biyu. Da aka tambayi tsohon me ya fito yi, sai ya ce ƙanƙara ta rufe hanya, mutane za su makara wurin aiki, kuma an ɓoye masa taraktarsa shi ya sa ya fito da shebur.

'Yarsa Hikmatu, malamar firamare, ita ke riƙe da shi a gidansu na Bulpiela tun rasuwar mahaifiyarta. Ta san taraktar da yake nufi sarai. Baba ya yi shekara goma sha tara a Kanada, tun tana ƙarama ya tafi, kuma aikinsa a can shi ne share dusar ƙanƙara daga ƙofar gidajen mutane da sanyi, da yanke musu ciyawa in zafi ya zo. Da zai dawo, kowa ya sa ido a ga mota ta fito daga kwantena, sai ga wata 'yar koriyar tarakta da ba ta wuce girman jaki ba, da wani faffaɗan faifan ƙarfe a goshinta. Ba ta taɓa aikin kwana ɗaya ba a Tamale. Ciyawa dai awaki sun riga ta, ƙanƙara kuwa sai a firji. Shekara goma sha huɗu tana bayan kicin a ƙarƙashin kwano, kaji na yin ƙwai a kan kujerarta.

Ranar da abin mai yalo-yalo ya faru ko dare ba a kai ba, tun da hantsi yayanta Abdul-Gafar ya kira daga Accra, don labari ya riga ya isa can. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. A hankali ya ce in Baba ya sake fita ko sau ɗaya, zai zo ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, hawa na uku, mai ƙofar ƙarfe. Hikmatu ta san gidan. Ta san kuma mutumin da ya saba zama gindin mangwaro yana gaisawa da duk wanda ya gifta ba zai yi wata shida a wannan akurkin ba. Likita ya riga ya gaya musu mantuwar tsufa ce, ba ta da magani, iyaka a lallaɓa shi. To, da me za a lallaɓa mutumin da ke ganin ƙanƙara a Bulpiela? Ta yi ta juya abin a ranta har ta tsaya a kan cewa tunda tarakta yake nema, a ba shi tarakta, ya yi ta zagaye a tsakar gida, ga fili ga get. Ita kanta ba ta tabbata ba ko dabara ce ta zo mata ko ita ma kanta ya fara juyewa.

Ta je unguwar Gurugu ta kira Saaka, wani fita Badagombe da ke gyaran babura da injin niƙa da injin ban ruwa, har da manyan taraktocin noma in sun shigo gari. Ya zo ya kori kajin, ya zagaya 'yar taraktar sau uku yana sosa ƙeya.

"Madam, wannan ai yaro ne," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Ina uwansa?"

Ta yi masa bayani cewa haka girmanta yake, kuma ƙanƙara take turewa. Ya tambaya ko ƙanƙarar masu sayar da ruwan sanyi. Ta ce a'a, wadda ke faɗowa daga sama. Ya ce wannan ya sani, ya taɓa ganinta sau biyu da damina, amma kafin ka sunkuya ka ɗauka ta narke, to mene ne na tarakta? Ita kanta malamar makarantar a hoto da talabijin ta san abin. Ta shiga ɗaki ta kankaro farin da ke maƙale a jikin firiza, ta zubo a faranti ta kawo masa, ta ce irin wannan ce, amma har gwiwa, gari gaba ɗaya. Suka tsaya su biyu a rana suna kallon faranti har ya zama ruwa. Saaka ya ce shi a ganinsa Turawa haƙuri ne ba su da shi, da sun ɗan jira da ta tafi da kanta. Duk da haka ya ɗora ta a bayan keken kaya ya tafi da ita.

Mako uku ta yi a wurinsa. Kayanta babu su a duk faɗin Tamale, sai ya yi ta haɗe-haɗe: kafireto daga injin ban ruwa, batir na babur, bel na injin niƙa. A makonnin nan Hikmatu ta sa wa get kwaɗo, makullin a ƙugunta. Kullum da safe Baba zai tsaya yana jijjiga ƙarfen yana cewa, "Hikima, buɗe mini, mutane na jira." Ba abin da ta tsana a rayuwarta kamar waɗannan safiyoyin. Ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ita ce mai tsaron kurkukunsa, kuma kunya da baƙin ciki suka hana ta ko haɗa ido da shi.

Ranar da Saaka ya dawo da taraktar, tun daga bakin layi ake jin ƙararta, shi kuma baki har kunne. Kai, mutumin nan ya yi aiki, ba a ce bai yi ba. Ya fente ta ja wur kamar manyan taraktocin gona. Faifan ƙarfen nan na goshi kuwa ya yanke shi, ya kai shi baya ya yi masa walda, har da fitar masa da haƙora. Ya ce duk wanda ya haɗa ta tun farko a baibai ya haɗa, don tun yana yaro bai taɓa ganin garma a gaban abin da ke janta ba, ko shanu ne a bayansu take. Sarƙoƙi biyu da ya tarar a akwatinta kuma ya haɗe su ya yi guda ɗaya doguwa, ya ce na ɗaure ta ne a jikin bishiya saboda ɓarayi. Hikmatu ta duba, ta ga kamar maganarsa da hankali a ciki, ta kuma ji a jikinta cewa akwai abin da ba daidai ba, amma ta kasa cewa ga shi.

Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, bai ko taɓa ta ba.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce, ya koma ɗaki.

Ranar ko tuwo bai kalla ba. Washegari da safe Hikmatu ta same shi a kan duron ruwa, ƙafa ɗaya ta riga ta hau katanga, da ƙyar ta cafko gefen kwat ɗin ta janyo shi. Ta zauna a ƙasa. Da ya dira waje da shi ke nan, an gama, Accra ce. Saaka kuma ya yi fushi, wai an raina masa aiki. Ita dai ta rasa wa za ta ba haƙuri, ta rasa wa za ta tambaya. Duk Bulpiela mutum ɗaya ne ya san yadda taraktar ƙanƙara take, shi ne kuma wanda bai san ko ya karya kumallo ba. Sai da ta faɗi haka a ranta sannan ta ji wautar kanta, don ba wanda ya tambaye shi.

Ta sa aka mayar da taraktar Gurugu, ta ɗauki Baba a yalo-yalo suka bi ta. Abin da ya faru a rumfar Saaka har yau ba ta gama gane shi ba. Tsohon nan da ke saka takalmi a karkace ya ɗauki sifana kamar jiya ya ajiye ta. Ya sa aka yanko faifan aka mayar da shi gaba, aka goge haƙoran, aka karkata shi dama don abin da aka turo ya riƙa zubewa gefe. Ya sa aka raba sarƙar biyu, aka naɗe kowace a tayar baya. Saaka, da ke ce masa Mba, wato baba a yarensu, ya ce, "Mba Alhaji, sarƙa zai cinye taya fa." Baba ya yi masa wani kallo, ya ce in ba sarƙa a kan santsi sai dai ka yi ta juyi a wuri ɗaya, sannan ya sa aka ɗaura bulo biyu a bayan kujera don nauyi. Saaka bai gane santsin me ake nufi ba a garin da ƙasa ke tsagewa don bushewa, amma ya bar musu, har ya fara tambaya kafin ya ɗaure kowace ƙusa.

Kwana huɗu suna zuwa. Hikmatu ta sayo koren fenti da kanta. Baba yana cin wake da shinkafa a kan benci, yana tsokanar Saaka cewa waldarsa kamar kashin awaki, yana dariya har da tari. Daɗi ya cika ta, ta ce a ranta ashe uban nata yana nan, ɓuya kawai ya yi. Ta kira Abdul-Gafar ta ba shi labari tana haɗa magana biyu-biyu. Ya ce ya ji, Allah ya sa, za a gani.

Sai da aka gama tsaf sannan Saaka ya kawo maganar da ba wanda ya yi tunaninta. In tsoho ya hau ya ga ba abin turewa a tsakar gida, ai get zai nufa, kuma wannan karon da inji a ƙarƙashinsa. Shi ne kuma ya ce akwai masu casar shinkafa wajen Sagnarigu da ɓuntu ya yi musu yawa har ƙona shi suke, ga shi fari-fari, ga shi ba nauyi, kuma shi ba ya narkewa. Ta so ta ce wannan ai wasa da hankalin babba ne. Amma ta yarda, don ba ta da wata dabarar da ta fi wannan.

Ɓuntu cike da keken kaya biyu aka kawo. Ranar Asabar bayan sallar asuba ta roƙi liman ya riƙe Baba da hira a masallaci, ita da Saaka suka baje ɓuntun daga ƙofar ɗaki har bakin get, ya kai idon sawu. Maƙwabta na leƙe ta katanga suna tambaya ko kiwon kaji za ta fara, ta ce musu i, don ba ta san ta inda za ta faro gaskiyar ba.

Baba ya shigo ya tsaya cak. Ta ƙanƙame tsintsiyar hannunta tana jiran ya ce wane shashasha ne ya zuba masa shara a gida. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai, ya ce lalle an yi ta da yawa. Ya shiga ya sako kwat ɗinsa, ya hau, ya murɗa makulli. Wallahi da ka ga yadda yake aikin sai ka tsaya. Ya sauke faifan, ya ɗauki layi ɗaya miƙe, ɓuntun na naɗewa yana zubewa dama, ya ja baya, ya ɗauki na biyu daidai gefen na farko. Liman ya bar get a buɗe da ya rako shi, Hikmatu ta lura amma ta kasa motsi. Sau shida taraktar na kai hancinta bakin get ɗin nan, sau shida yana juyowa ciki, ko kallon titi bai yi ba. Saaka ya ɗaga mata babban yatsa, ya hau babur ya tafi abinsa.

Wajen awa guda ya kashe injin, tsakar gida fes, ɓuntu ya taru a jikin katanga. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Hikmatu ta kawo masa ruwa a kofi, ta durƙusa ta miƙa, zuciyarta fal da murna, don ta san ba mai kai shi Accra kuma. Ya karɓa da hannu biyu ya yi mata godiya da Turanci, abin da bai taɓa yi ba. Ya shanye, ya tsaya yana duban fuskarta da ɗankwalinta.

"Baiwar Allah, ke 'yar Ghana ce?"

Ta ce, "Baba, ni ce."

Bai ji ba, ko ya ji bai shige shi ba. Fuskarsa ta washe irin ta wanda ya gamu da ɗan garinsu a baƙuwar ƙasa. Ya ce shi mutumin Tamale ne, Bulpiela, in ta san wurin. Ya ce ya so ya koma gida bana, amma ga yadda ƙanƙarar nan ke zuba kullum, ina halin tafiya.

"In kin ji mai zuwa gida ki gaya mini," in ji shi. "Ina da yarinya a can, shekararta bakwai na baro ta. Takalmin makaranta nake so in aika mata, amma ban san girman ƙafarta yanzu ba."

Hikmatu ta karɓi kofin. Ta ji wani irin ɗaci da ba ta taɓa ji ba, don da hannunta ta baje masa ɓuntun nan, da hannunta ta sake tura shi can. Yana ta kallonta yana jiran amsa, cikin ladabi, kamar yadda ake jiran baƙuwa.

"To, Alhaji," ta ce. "Zan gaya maka."