Madubin da Fenna Ta Goge

Wessel Brakman ya tarar da akwatin gilashin shagonsa a buɗe, babu madubin da ke ciki, ya haura bene da gudu har yana tuntuɓe da kekensa. A kicin ya sami yayarsa Fenna tana yanka cuku, ga madubin a kan tsumma yana ƙyalli kamar sabon cokali.

Ɗan falankin tagulla ne da bai fi babban yatsa ba, da ƙwayar gilashi kamar gero a tsakiya da 'yar allura a gabanta inda ake manna abin da za a duba, irin wanda mutanen garin Delft suka fara ganin ƙananan halittu da shi shekara ɗari uku da suka wuce. Shi ne kaɗai abin kirki a shagonsa na tsofaffin kaya, kuma yau da la'asar zai nuna shi ga ƙungiyar masana tarihi.

"Yaya, me kika yi masa?"

"Wanka. Lemon tsami da gishiri. Yau Asabar, ko ƙofar gida na goge, balle wannan ƙazanta."

"Ƙazantar ita ce shaidar tsufansa. Ina abin da ke maƙale a kan allurar?"

"Baƙin ɗigon nan? Yana cikin kwata."

"Ƙafar ƙwarƙwata ce. Mai madubin na farko ne ya manna ta da hannunsa."

"To Allah Ya ji ƙan ƙwarƙwata." Fenna ta kai cuku baki. "Ku dai kun ji daɗi. Manyan maza da gemu, ku taru kuna rufe ido ɗaya kuna leƙen ƙwaron kan wani mamaci. Har ka ce wa jarida kai ka tsamo shi daga laka a bayan coci. Kai da ko kofin shayinka ba ka iya tsamowa daga ruwa."

Wessel ya san 'yan ƙungiyar. Suna ganin wannan ƙyalli za su ce na kantin 'yan yawon buɗe ido ne, su yi ta dariyarsa har ya mutu.

Ya sauko da madubin, ya ɗauki bokiti ya fita ta baya, ya kwanta rub da ciki a bakin rafin da ke wucewa ta wurin, ya kwaso baƙar laka mai wari. Ya dawo shago ya cusa madubin a ciki, ya fasa dafaffen ƙwai ya zuba don tagullar ta yi saurin dushewa.

Fenna ta leƙo daga bene. "Saura ƙwarƙwatar, masani. In duba maka kan naka?"

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Wata doguwar mata ce da rigar ruwa, jarida a hammatarta. Ta dubi Wessel, hannunsa cikin bokiti har gwiwa.

"Kai ne Brakman? Mahaifina ya bar maka wani madubi ka duba masa, kafin a kwantar da shi asibiti. Jiya muka binne shi." Ta buɗe jaridar a kan teburi, daidai hotonsa riƙe da madubin, da labarin wai a laka ya tsamo shi. "Na ga an ce ka san inda yake."