Dutsen Kabarin Hedwig

A wani sito da ke bayan unguwar International City a Dubai, aikin Abdul-Fatawu shi ne goge duwatsu. Kwantena kan zo daga Jamus cike da tsofaffin fale-falen dutse, shi kuma ya bi fuskarsu da inji har rubutun da ke kai ya ɓace, sannan a sayar wa fataken Kano su shimfiɗa a kicin. Maigidansa yana ce musu dutsen ado. Abdul-Fatawu ya san duwatsun kabari ne, amma bakinsa alaikum, don mutumin Kumasi mai shekara hamsin da biyar ba ya wasa da bizarsa.

Ran nan da hantsi, Hajiya Ramlat, wadda ta sayi kayan gaba ɗaya, tana tsaye a kansa tana fifita da mayafi.

"Yalla, yi sauri, Malam Fatawu, gobe za a rufe kwantena."

Ya juyo dutse na gaba, sai ya ga sunan da ke kai. Hedwig Brandt, 1911 zuwa 1998. A ƙasa an sassaƙa sunan ƙauyen, Ellerhude.

Ya san ƙauyen kamar tafin hannunsa. Can aka ajiye shi shekara uku yana saurayi, lokacin da ya je neman mafaka. Kwari ne tsakanin tudu biyu, rafi ya ratsa tsakiya, gonakin dankalin Turawa sun kewaye shi. Coci ɗaya, da gidan niƙa da aka ce ya haura shekara ɗari huɗu. Yaƙi biyu suka cinye mazan garin, birni ya kwashe 'ya'yan da suka rage, har aka rufe makaranta. Mutum ɗari biyu ba su cika ba, kuma duk cikinsu tsohuwa Hedwig ce kaɗai ke amsa gaisuwarsa. Ita ta ba shi rigar sanyin mijinta. Da ta mutu aka rasa majiya ƙarfi, shi baƙon da ake kauda kai in ya wuce, da shi aka ɗauki akwatin gawarta.

Yanzu ga shi cikin zafin Dubai yana jin sanyin makabartar nan a yatsunsa. Tsoro ya kama shi, da kunya.

"Lafiya?" in ji Hajiya.

Ya kashe injin, ya gaya mata komai. Ya ce a can kabari na shekara ashirin da biyar ne. In wa'adi ya cika babu dangin da ya zo nema, sai a tuge dutsen a ba wani wurin.

"Inna lillahi! Kabari zan shimfiɗa jikokina su taka?"

"In kin fasa, Hajiya, maigida zai farfasa su a zuba a hanya. Ni kuma khalas, aikina ya ƙare."

Hajiya Ramlat mace ce mai faɗa, kowa a kasuwar Deira ya sani, amma sai ta sunkuya tana kallon haruffan.

"Ba ta da kowa?"

"Sai ni."

"To kar ka goge wannan. Ina da bishiyar mangwaro a tsakar gida, zan sa a jingine shi a gindinta. Faɗa mini sunan in riƙe."

Ya faɗa. Ta gwada sau uku, harshenta ya ƙi, ta tsaya a kan Haɗuwa. Ya yi murmushi, idonsa ya cika.

Ya naɗe dutsen da bargo ya ajiye gefe. Da ya juyo, sauran na jere jikin bango, dukansu daga Ellerhude.

"Waɗannan fa?" Hajiya ta tambaya a hankali. "Akwai wanda ka sani?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa a fili, ko zai tuna wata fuska. Bai tuna kowa ba. Da ya kai na ƙarshe ya koma kan na farko, ya sake faɗin sunan, sannan ya kunna injin.