Rajistar Terkula

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kiran sunayen yara a aji kafin in ajiye alli in koma shagon kwamfuta. Sunana Muhammadu Lawan, amma abokin aikina Terkula bai taɓa kirana da wani suna ba sai Ticha. Tibi ne, asalinsu Binuwai, a nan Fataskum aka yanke masa cibi. Shagonmu yana unguwar Dogo Nini. Ni ke buga takardu da katin biki, shi ke ceto fayiloli daga faifan kwamfutar da ya lalace, kuma a wannan fanni ban ga na biyunsa ba.

Ya rubuta wata 'yar manhaja da yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Ga yadda ya bayyana mini. Kowane fayil a faifai yana da kati mai lamba, ana ce masa inod, wanda ke riƙe da girman fayil ɗin da inda yake kwance. Sunan fayil kuwa a wani wuri dabam ake ajiye shi. Idan faifai ya samu matsala sunaye suka ɓace, katunan suna nan. Aikin manhajarsa shi ne ta jero lambobin katunan, sittin da huɗu sittin da huɗu, ta sa wa kowanne alama, ɗaya ko sifili, don a san wanda ke da fayil da wanda aka saki.

Wasu masu gyara biyu, ɗaya a Damaturu ɗaya a Gombe, suna son su riƙa kiran manhajar daga cikin nasu shirye-shiryen, sai ya ɗora mini rubuta bayaninta: me ake ba ta, me take mayarwa, me kowace alama ke nufi.

"Ticha, ni gini na iya, nuna ƙofa ban iya ba," in ji shi. "Amma duk layin da ka rubuta, ka gwada shi tukuna."

Na gwada kowane layi ban da guda. Da na zo kan alamar, ban ga abin gwaji ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rajista ya san sanda ake ja wa yaron da ya zo, sifili ake zana wa wanda bai zo ba. Na rubuta: ɗaya na nufin akwai fayil, sifili na nufin babu. Har na ji haushin a ce malamin makaranta zai tambayi irin wannan. Terkula ya ce zai duba shafuka ukun da na rubuta idan ya samu sarari, bai samu ba.

Wata Alhamis da la'asar, ina Damagum wurin suna, 'yan bindiga suka shigo layinmu. A bakin ƙofa suka harbe shi, suka cinna wa shagon wuta. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Kwana bakwai bayan haka matarsa Mimidoo ta yi sallama a gidana da ke Ngojin, tana goye da 'yarsu Success, wadda ba ta cika shekara biyu ba. A ƙafa ta zo, don an hana hawa babur. Ta kwance bakin zani ta fito da faifan kwamfutarsa, gefe guda ya yi baƙi.

"Malam, duka hoto na shi yana ciki," ta ce. "Na aure, na coci, wanda ya ɗauki yarinya. Ya kwashe albam ya kai shago, wai takarda tana lalacewa, zai sa a kwamfuta. Albam ya ƙone. Waya ya ƙone. Asabar za mu tafi Gboko, can Binuwai. Ko guda ɗaya ne, yarinya ta san fuskar baban ta."

Na ce, "Maman Success, in Allah ya yarda ba ɗaya ba, duka za ki tafi da su." Bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba.

Ranar Juma'a da hantsi na tayar da janareta, na haɗa faifan da laftof ɗina. Faifan ya juya, ya yi ƙas, ya yi ƙas, sannan ya kama. Na san wannan ƙara. Terkula yakan ce faifan da ya fara ta ya riga ya yi wasiyya, awa biyu ne ko uku, abin da ka kwasa shi ne naka. Foldoji duk sun tafi, ko suna ɗaya bai fito ba. Na kira manhajarsa, ta jero lambobin tsaf, kamar mai ita yana zaune a gefena.

Sabis ɗin waya an katse shi a jihar tun watanni, babu wanda zan kira. Ban ma ji ina buƙatar kowa ba. Na buɗe bayanin da na rubuta da hannuna, na bi shi layi layi, na umarci kwamfuta ta kwaso duk abin da ke da alamar ɗaya ta tsallake sifili. Na lura masu ɗayan ba su da yawa, dubu uku da 'yan kai, masu sifili kuwa sun haura dubu arba'in. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa yadda faifan mutum irin Terkula zai zama kango haka. Ni murna na yi, na ce aiki ya zo da sauƙi.

Mimidoo tana zaune a tabarma tare da matata Fanne, ba ta taɓa kunun da aka kawo mata ba. Duk ƙas ɗin da faifan ya yi sai ta ɗago kai. Na ƙi buɗe ko fayil ɗaya a kan hanya don kada in ɓata lokaci. Daf da kiran sallar Juma'a kwasar ta ƙare, na fara dubawa.

Na farko fanko ne. Na biyu ma haka. Na goma rabin takardar jarrabawar 'yan aji huɗu ce da na buga bara na goge. Sai katin bikin wasu mutane, sai fanko, sai fanko. Na buɗe ainihin rubutun manhajar, wanda tun farko yake cikin laftof ɗina ban taɓa leƙawa ba. Ga shi a layi na sittin da wani abu, Terkula ya bar 'yar sanarwa da Turancinsa na gaggawa: ɗaya na nufin an saki wurin. Shi guraben da babu kowa yake yi wa alama. Awa biyu da rabi na kwashe ina tattara shara, hotunan suna can ƙarƙashin sifili ina tsallake su ɗaya bayan ɗaya.

Na juya umarnin. Faifan ya yi ƙas sau uku, ya yi wani siririn kuka, ya tsaya. Na cire na mayar. Na canza wayar da ke haɗa shi da laftof. Na sa shi a leda na ɗora a kan randa ya huce, na sake gwadawa bayan an sauko daga masallaci, na sake da la'asar. Ko juyawa bai ƙara yi ba.

Na so in ce mata wuta ce ta cinye. Da ta yarda, kuma babu mai ƙaryata ni a duniya. Na kasa. Na ce, "Maman Success, suna ciki, ni ne na bi ta kansu na wuce. Laifina ne."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta ce, "Ba ko ɗaya, Malam?"

A cikin sharar akwai hoto guda, wanda Terkula da kansa ya goge don bai yi kyau ba. Ya juya kai daidai lokacin da aka ɗauka. Kunne ne, da kafaɗa cikin shuɗiyar riga, da wani hazo a inda fuska take. Na kai wani shago a bakin kasuwa aka wanke mini shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauko da yarinyar daga baya ta nuna mata.

"Ga Baba," ta ce.

Yarinyar ta kalli takardar, ta kalli uwarta, ta miƙa hannu wajen kofin kunu.

Sun tafi ranar Asabar da safe. Ranar Lahadi na buɗe shafi na biyu na bayanin, na gyara layin: ɗaya na nufin babu, sifili na nufin akwai mai wurin. Na ƙara a ƙasa cewa an gwada. Na Damaturu ya rufe shago ya koma Kano, na Gombe ban san inda yake ba. Har yau babu wanda ya nemi bayanin.