Hagun Ba Chishimba

Shekara goma sha ɗaya Mutinta Hachambo tana koyar da tuƙi a garin Kabwe, ba ta taɓa samun ɗalibin da ya kai ta bango irin wani dattijo da ake kira Ba Chishimba ba. Tsohon malamin Turanci ne, ya yi ritaya, ya sayi 'yar motarsa, ya rantse sai ya tuƙa ta da kansa.

Ranar darasi na tara suka doso mararrabar kasuwa.

"Left, Baba," in ji ta.

Sai ya murza sitiyari dama, ya sha gaban wata bas. Direban ya danne hon, ya leƙo yana ɗura musu zagi. Mutinta ta taka birkin gefenta, saura ƙiris goshinta ya daki gilashi.

"Haba Baba! Shekara talatin kana koyar da Turanci, left ɗin ne ba ka sani ba?"

"Na fi ki saninsa, 'yata. Kin san asalinsa kuwa? A Turancin mutanen dā, ma'anarsa mai rauni, marar amfani..."

"Ni ban tambaye ka kakan kalmar ba! Ba ka jin hon a bayanmu?"

Da ƙyar suka gangara gefen titi, kusa da masu gasa masara. Ta kashe motar, ta dafe kai. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Ni bahago ne tun haihuwa," ya ce. "A makaranta ɗaure mini hannun nan ake yi ta baya, wai na banza ne. Alhali a wurina shi ne mai ƙarfin. Da kin ce left, sai raina ya ce hannu mai rauni, in nufi wancan."

"Shi ne sai yau kake faɗa mini? Darasi tara, Baba! Shekaranjiya fa katangar coci muka kusa rushewa."

"Ai ba ki tambaya ba."

Ta zaro jan biro daga jaka, ta kamo hannunsa na hagu ta zana masa ƙaton gicciye a kai.

"In na ce left, wannan za ka bi. Ban da tunani, ban da tarihi."

Sau biyu ya faɗi jarrabawa, a na uku ya samu lasin. Bayan mako guda sai ga shi riƙe da hannun matarsa, wai ita ma za ta koya, kuma ba su yarda da kowa ba sai Mutinta.

A ranar ta rubuta takardar neman hutu.