Gicciyen Nea Anghel

Da ƙafa Ilinca ta banke ƙofar garejin, don hannuwanta na riƙe da jakar makaranta da burodi. Farin hayaƙi ne ya tarbe ta, mai zaƙi-zaƙi a maƙogwaro, irin wanda tun makon farko a kwalejin koyon sana'a aka ce musu in sun shaƙa su nemi hanyar waje. A tsakiyarsa Nea Anghel, wato Baba Anghel, tsohon maƙwabcinsu, na durƙushe gaban bututun ƙarfe, sandar walda a hannu, yana tari kamar tsohuwar babbar mota a kan tudu.

"Rufe min ƙofa, kina shigo min da sanyi."

"Nea Anghel, wannan bututun tutiya ce a jikinsa. Sai an kankare ta kafin a sa wuta, kuma ba a rufaffen ɗaki ba."

"To, injiniya ta iso." Ya ɗaga garkuwar fuskarsa, idanun sun yi jajir. "A makarantar taku aka gaya muku? Inda ake rataya muku fanka a ka kamar matan shagon gyaran gashi?"

Ya jawo kwalbar madara daga ƙarƙashin benci ya kafa kai.

"Madara ciki take zuwa, ba huhu ba," in ji ta.

"A masana'antar jiragen ruwa kullum sai an ba mu kwalba. Su ba su san abin da suke yi ba, sai ke? Je ki, 'yar nan, burodinki na hucewa."

Gicciyen kabarinsa yake ƙerawa da kansa. Ya ce na shago kwano ne aka lanƙwasa, shi kuwa ba zai kwanta ƙarƙashin aikin wani ba. Ilinca ta dube shi da takaici. Mutumin da rabin unguwa ke rantsuwa da hannunsa, wanda ake cewa duk jirgin da ya ratsa kogin Danube akwai ɗinkin waldarsa a gindi, ga shi yana kashe kansa da taurin kai da madara.

Da can ba haka take kallonsa ba. Lokacin da ta bar aikin kanti ta shiga kwaleji, ƙarfen farko da ta haɗa shi ta kai wa, kamar mai miƙa wa masoyi fure. Yana zaune ƙarƙashin bishiyar gyada ta turawa da tsofaffin abokan aikinsa. Ya juya ƙarfen sau ɗaya ya ce, "Kashin kaji." Suka kwashe da dariya, har Costache mai yatsu huɗu ya ƙware. Tun ranar ta daina kai masa komai. Ta koma wajen malaminsu, wanda ba ya yabo ba ya zagi, sai dai ya matse aikinka a maɗauri ya karya, ya nuna maka cikinsa.

Ta ja masa ƙofar, ba ta rufe duka ba. Tana jin sa ya taso ya ƙarasa rufewa.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ce ai sanannen abu ne, zazzaɓin ƙarfe, yini ɗaya yake yi. Da ƙuruciya wataƙila haka ne, amma huhun da ya sha hayaƙi da taba tsawon rayuwa ba shi da sauran abin bayarwa. Ya hana a kira motar asibiti har sai da bakinsa ya daina iya hanawa. Kafin ƙarshen mako, da rana tsaka, aka lulluɓe madubin gidan da baƙin ƙyalle, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa.

Tanti Smaranda, matarsa, ta sami Ilinca a bakin famfo. Ba ta kuka. Hannunta duk ɓawon alkamar da take dafawa ta sadakar mamaci.

"Ilinca, 'yata, zo ki ga wani abu."

Gicciyen na kwance a garejin, hannunsa ɗaya bai haɗu ba. Ilinca ta sunkuya, sai ta ji dariya na neman kufce mata. Ɗinkin ya karkace, ƙuraje-ƙuraje, ramuka ko'ina, a wani wurin ma wutar ta kauce wa gaɓar gaba ɗaya ta bi gefe. Ta ɗauki guduma ta ɗan taɓa. Hannun da ya riga ya haɗa ya faɗi ƙasa da ƙara.

"Wannan ne hannun da ake ba mu labari?"

"Idanun sun daɗe da tafiya," in ji Tanti Smaranda a hankali. "Ni nake karanta masa lambar bas. Gobe su Costache za su zo, kin san su, kafin su dubi gawa za su dubi ƙarfe. Kar su gani."

"Tanti, a gabansu ya ce aikina kashin kaji ne."

"Ni ya ce miyata ruwan wanki ce, tun kafin a haife ki. Kuma kullum sai ya ƙara."

Ta koma wajen alkamarta. Ilinca ta tsaya ita da ƙarfen. Ba abin da ya fi sauƙi kamar ta liƙa hannuwan yadda suke, ta bar tsofaffin su ga gwaninsu tsirara. Ta daɗe tana ɗanɗana wannan tunanin, kuma ya yi mata daɗi, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Sannan ta wangale ƙofar garejin duka biyu, ta ɗauko injin gogewa. Ta cinye ɗinkinsa kaf, ta kankare tutiyar har ƙarfen ya yi fari, ta daidaita kusurwa, ta sauke garkuwa. Wutar ta tashi shuɗiya, tana shi-shi kamar mai a kasko, ita kuma tana jan hannu sannu sannu, haƙoranta a cije, tana zaginsa a zuci tun daga farkon gaɓa har ƙarshenta. Da ta fasa ɓawon da ya daskare a samansa, ɗinkin ya fito jere kamar ɓawon kifi. Ba ta taɓa yin mai kyansa ba, kuma malaminta ba zai taɓa gani ba. Ta shafe shi da baƙin fenti.

A maƙabarta, limamin coci bai gama addu'a ba tsofaffin suka fara matsawa kusa da gicciyen, hulunansu a ƙirji. Costache ya sunkuya, ya bi gaɓar da babban yatsa, ya lumshe ido.

"Anghel ke nan," ya ce. "Ko cikin dubu zan gane hannunsa." Ya waiwayo. "Ke, 'yar makaranta, matso ki gani. Wannan ba a koyar da shi a aji."

Sauran suka gyaɗa kai, kai bayan kai, kamar tantabaru a kan hatsi. Tanti Smaranda na raba alkama a ƙananan kofuna, ba ta ɗago ba.

Ilinca ta matso, ta duba.

"Na gani, Nea Costache."

Fentin bai gama bushewa ba. Tsohon ya tafi karɓar kofinsa yana goge yatsa a wando, shaidar yatsan kuwa ta zauna a kan ɗinkin, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kanta ɗaya-ɗaya.