Ɗaurin Gwiwa

Ban daɗe da dawowa daga asibiti ba Eej ta iso Ulaanbaatar, babban birnin Mongoliya. Eej mahaifiyata ce, kuma idan ta taso daga karkara ba ta zuwa hannu rabbana. Ta zo da cinyar rago, da busasshen cuku jaka guda, da fatar ɗan rago mai laushi, sai igiyoyi uku na ɗaure jariri. Ina ganin igiyoyin nan gabana ya faɗi.

Ni Sarangerel da ɗingishi na tashi. Ina ƙarama aka gano ƙashin cinyata ta hagu ba ya cikin gurbinsa, aka kawo ni birni, aka yanka ƙashin kwankwaso aka gyara masa zama. Tiyata ta yi kyau, na yi tafiya, har doki na hau. Sai dai gefen da wuƙa ta taɓa bai girma tare da ɗan'uwansa ba. Shi ya sa takalmina ɗaya ya fi ɗaya tudu, shi ya sa kuma 'yata Enkhjin ba ta samu hanyar fitowa ba sai da aka yi min aiki.

A wurin Eej, likitocin birni ne suka lalata mata 'ya, magana ta ƙare. Ni kuwa likitar Enkhjin ta ja min kunne: kada a miƙar da ƙafafun jaririyar a ɗaure. Gurbin ƙashinta guringuntsi ne tukuna, in aka matse, kan ƙashin zamewa yake yi, balle 'yar da uwarta ta yi irin wannan ciwo. To, ta ina zan fara gaya wa Eej? Matar da duk kwarinmu ita ake kira ta naɗe jarirai?

Da hantsi, bayan ta ɗura min romon rago har na ce wayyo, ta shimfiɗa fatar a kan gado ta ɗauko Enkhjin.

"Zo nan, mummuna," in ji ta, tana murmushi. Ba ma yabon jariri, kada a ja masa ido. "Kai, dubi hanci! Na ubanki ne, babu laifinmu."

Ta naɗe ta tsaf. Igiya ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Sannan ta kama ƙafafun ta miƙar, ta haɗa gwiwa da gwiwa, ta miƙa hannu ga igiya ta uku.

"Eej, a bar ƙafafun."

"A bar su? Ta tashi a bauɗe kamar tsohon mahayin doki? Ke dai sha shayinki."

"Likita ce ta hana."

"Oho, likita! Su waɗanda suka yanka ki kamar tunkiya? Ku biyar na ɗaure, yarinya, tun likitar taki ba ta san hanyar rijiya ba."

Wallahi ban yi niyya ba. Amma igiyar ta riga ta zagaye gwiwar 'yata, ni kuma na san abin da ake ji idan za a hau bene da ƙugu irin nawa.

"Eej, a waje suka sami ƙashin, shi ya sa suka yanka. Ba su suka fitar da shi ba."

Hannunta ya tsaya. Ta dubi igiyar, ta dubi ƙuguna. Tausayinta ya kama ni har na ji kamar in haɗiye maganar.

"Likitar ta ce wasu da abin ake haihuwarsu," na ce da sauri. "Ba lallai ba ne ɗauri..."

"Kada ki yi min wayo, Saraa." Muryarta a kwance take. "A hunturun da sanyi ya ƙarar da dabbobi na haife ki. 'Yar mitsitsiya, tanti kuma babu isasshen makamashi. Duk cikinku ke na fi ɗaurewa tam, ke kuma na fi daɗewa ban kwance ba. Tsoro nake ji sanyi ya ɗauke min ke."

"Bai ɗauke ni ba, ga ni."

Ta zare igiyar daga gwiwar Enkhjin, ta sassauta fatar daga ƙugu zuwa ƙasa. Nan take ƙafafun suka tattare sama, suka buɗe kamar na kwaɗo. Na ga yatsun Eej suna motsi, suna son su miƙar da su. Sai ta mayar da hannuwanta bayanta ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Taso," ta ce, ba ta dube ni ba. "Nuna min yadda ake yi. Ni ban iya ba."